Yadda Na Rufa wa Ƙwaron Damagaram Asiri

Bari in sauƙaƙa wa masu neman wawa a cikin labarin nan tun daga farko, kada su wahala: ni ne. Ba Alhaji Modu ba ne, ko da yake shi ma ya yi iya ƙoƙarinsa.

Tun da na dawo daga ƙasar Damagaram mutanen majalisarmu ta Fagge ba su bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Wannan ya ce, "Baba Sule, yaya hanya?" Wancan ya ce, "Wai da gaske burodinsu ana iya dogara shi?" Shi kuwa Modu yana ta yawo da nasa labarin daga Kwaciri har Bata, kullum yana ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce gara in rubuta da hannuna. Bokona a aji huɗu ya tsaya, ranar da malami ya ce ko ni ko shi, aka duba aka ga shi ne mai albashi. Don haka wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙar da shi da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai riƙe makullin siton wake na Alhaja Mulikatu, can bayan Kasuwar Singa. Alhaja Bayarabiya ce ta Sabon Gari, amma a nan aka yanke mata cibiya, kuma in ta yi maka faɗa da Hausa sai ka koma gida ka tambayi ma'ana. Wake take tarawa da kaka, ta riƙa aikawa kudu a hankali. Makullin nan tun mijinta yana da rai yake hannuna, kuma a mazagin wandona yake kwana. Ba ni da gona, ba ni da shago, 'ya'ya duk sun kama gabansu. In kun ga na iso majalisa ana matsa mini a benci, to albarkacin makullin nan ne.

Bara ƙwaro ya shigar mana. Aka yi abin da kowa yake yi, aka yayyafa fiya-fiya. Ƙwaro ya mutu, amma matan da suke sayen kayan a kudu suka buɗe buhu suka ji wari, suka juyo mana da shi. Alhaja ta zaunar da ni ta ce, "Baba Sule, daga yau magani ba zai ƙara shiga sitona ba. Ƙwaro ma haka. In ɗayansu ya shiga, ka ajiye mini makulli a kan tebur, ba sai mun yi doguwar magana ba."

Na ce, "Alhaja, ba magani kuma ba ƙwaro? To wa'azi zan riƙa yi masa?"

Ta ce in dai zai ji, in yi masa.

Da zafi ya fara shigowa sai ta samu labarin wata ƙungiyar mata a wani ƙauye kusa da Matamaye, wai suna ajiye wake ba magani, da tarko suke tsaronsa. Gwiwarta ba ta son doguwar mota, saboda haka ta ce in je in gani da idona. In waken tas yake in lodo mana, in kuma da ƙwaro in gaishe su in dawo. Ta haɗa ni da Alhaji Modu, abokina na Kwaciri, wanda kakanninsa suka zo daga Barno. Dalilin haɗa mu shi ne Modu ya daɗe yana gaya wa mutanen Fagge cewa yana jin Faransanci, kuma ba a taɓa samun wanda zai gwada shi ba.

Kafin mu hau mota bari in faɗi ilimin da nake da shi a kan tarko, don za a buƙace shi a gaba. Tarkon da na sani na ɓera ne. Ka ɗana da ɗan kifi, ka ji ƙas, ka ɗauki gawa ka jefar. Ɓeran da yake cikin tarko ba ya cikin sito. Da wannan ilimi na tashi daga Kano, kuma da shi na dawo, ko ƙwarzane bai yi ba.

Da sassafe muka shiga mota a Ƙofar Ruwa. Direba ya ce saboda girmanmu mu zauna a gaba. Girman namu kuwa kujera ɗaya aka ba shi, ni da Modu, giyar mota tana tsakanin ƙafafuna, duk sanda direba zai canja sai ya fara neman izinin gwiwata. Ana shirin tashi wata tsohuwa da za ta sunan jikarta a Daura ta miƙo wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ta taga, ta ce, "Malam, riƙe mini, ta biki ce." Ban san ta ba, ba ta san ni ba. Haka na rungumi tukunyar nan muka wuce Kazaure. Duk inda aka tsayar da mu sai a leƙo a tambaye ni me nake dafawa. Ita kuma daga baya lokaci-lokaci ta ɗaga murya, "Malam, kada ka lotsa mini ita." Da ta sauka a Daura sai da ta juya tukunyar ta duba gindinta, sannan ta ce Allah ya yi mini albarka, amma da alama ba da zuciya ɗaya ba.

A Kwangwalam, bakin iyaka, aka ce kowa ya sauko. Jami'anmu na wannan ɓangaren suka duba mu suka ce Allah ya kiyaye. Muka tsallaka wajen nasu. Wani jandarma dogo yana zaune a inuwa, Modu ya gyara hula ya ce mini in tsaya a baya in ga aiki. Ya matsa ya ce, "Bonjur." Jandarma ya ji daɗi, ya sako masa magana doguwa kamar huɗuba. Modu ya ce, "Mersi." Jandarma ya ƙara sako wata. Modu ya duba sama, ya duba ƙasa, ya sake cewa, "Bonjur."

Jandarma ya ce da Hausa, "Alhaji, ta ƙare ke nan?"

Modu ya ce irin Faransancin da ya iya na can wajen Diffa ne, ya sha bamban da na nan.

Sai aka zo kaina. Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, kuma mutumin nan yana ganin katina ya washe baki. Ya ce, "Bakane! Mi ka kawo saidawa?"

Na ce ban kawo komai ba.

Ya juya ya gaya wa abokin aikinsa a ba ni kujera, ga Bakane ya fito ba haja, lallai ba shi da lahiya. Da ya ce in nuna abin da yake jikina, sai ga makulli yana lilo a mazagi. Ya ce na mene ne. Na ce na sito. Ya ce ina siton. Na ce Kano. Ya ce to yanzu wa yake buɗewa. Na ce mai siton tana da nata.

Ya ce, "Ashe naka na ado ne."

Na so in ba shi amsa, amma mutum ne mai bindiga, sai na bar masa.

Matamaye gari ne na rake. Ko'ina ka juya mutum yana tauna yana tofarwa. Aka yi mana tayi, na duba haƙoran da suka rage mini, muka yi shawara da su, muka ce mun gode. A nan na fara ganin burodin da kuke tambaya. Dogo ne, siriri, ba a sa shi a leda, a hammata ake ɗaukarsa. Ban dogara shi ba, amma na ga wata mata ta kori akuya da shi, akuyar kuma ta ji a jikinta.

Wajen azahar muka isa ƙauyen. Shugabar ƙungiyar, Hajiya Zuwaira, ta fito tarbarmu, mace doguwa mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ta gaishe da Modu da ladabi, ni kuwa ta ce, "Sannu da zuwa, Bakane. Ina fata ka bar wayonka a iyaka, don nan ba mu da inda za mu ajiye shi." Na ce ai ɗan kaɗan na zo da shi, na guziri.

Siton nasu ɗaki biyu ne. Aka sauki Modu a gidan liman, ni kuma aka shimfiɗa mini a wani ɗan ɗaki da yake manne da sito, har da ƙofa ta ciki da take shiga ɗakin wake na biyu, ba kulle ba sakata. Hajiya Zuwaira ta ce, "Kai da wake kun saba, ba za ku takura wa juna ba." Ta ce gobe da hantsi ne ranar duba tarko, sau ɗaya suke yi a mako, a gaban dukan matan ƙungiya, kuma mu ma za mu gani. Aka kawo dambu da zogale, ya sha mai da ƙuli. Na ci na manta da tukunyar Daura.

To a nan na ga al'adar da ta fi ba ni mamaki. Ana idar da azahar garin ya mutu. Mai shago ya rufe, mai shayi ya kife kofuna, ko jaki bai yarda ya yi kuka ba. Kowa ya kwanta, wai sai rana ta yi sanyi. A Kano wanda ya kwanta da rana tsaka, ko dai ba shi da lafiya ko an kore shi daga aiki. Na kwanta don kada a ce baƙo ya raina al'ada, na juya dama, na juya hagu, idona ƙyam. Sai na ce bari in gaishe da maƙwabtana, na tura ƙofar ciki.

Gaskiya matan nan sun iya jera buhu. An ɗaga shi daga ƙasa, bai taɓa bango ba, an share ko'ina. Na shaƙi iska, ba warin magani. Na fito da ƙarfen da muke soka wa buhu, na zaro wake, na duba, na ciza. Tas. Sai na lura da wasu igiyoyi suna lilo daga bakin wasu buhuna. Na ja ɗaya. Sai ga wani bututun roba, tsawonsa kamar kamu ɗaya da ɗoriya, jikinsa duk huji kamar rariya, ƙasansa da ɗan kofi mai tsini da ake murɗewa a cire. Na gane dabarar nan take, don ni ba daƙiƙi ba ne a kan komai: a cusa shi cikin wake, ƙwaro yana yawonsa ya faɗa ta huji, ya zame ƙasa, ya kasa hawowa.

Na murɗe kofin. Ƙwari ne a ciki, 'yan kaɗan, suna ta zagaye kamar masu neman ƙofar fita daga kasuwa. Na ja na biyu, haka. Na uku ma haka.

Na zauna a kan buhu na yi tunani irin na dattijo. A Singa aka koya mana cewa ko wake ya zama gari, fuskar buhu tas take. Mai kaya ba ya nuna wa mai saye ƙwaro. Mai saye kuma, in ɗan mutunci ne, ko ya gani sai ya kau da kai ya ce zai dawo. Ga baiwar Allah ta ciyar da ni dambu har na kasa numfashi, gobe kuma za ta buɗe abin nan a gaban matan gari da baƙi daga wata ƙasa, ƙwari su zubo. Ina za ta sa fuskarta? Sannan ai tarko ya riga ya gama aikinsa. Ya kama su. Abin da ya rage kawai a zubar da gawa, kuma ba sai shugaba ce za ta yi wannan ƙaramin aiki ba.

Na bi tarkunan ɗakin nan ɗaya bayan ɗaya, na fita ta baya na zazzage wa kaji. Na goge kowane kofi da bakin rigata, na mayar, na cusa yadda na same su. Ban gaya wa Modu ba, don alherin da aka yi ta faɗa ladansa raguwa yake. Na koma na kwanta, kuma abin mamaki, sai barci ya ɗauke ni kamar ɗan gari.

Da yamma aka yi shayi. Nasu ba irin namu ba ne na babban kofi da madara. Ɗan mitsitsin kofi ne, sau uku, ana dafa shi kamar ba gobe. Na farko ɗaci, har na ji kunnena ya buɗe. Bayansa aka kawo tukuɗi, wato fura da aka daka da cuku da dabino. Modu ya kurɓa ya ajiye, ya ce mini in yi a hankali, cukun nan ba ya son baƙon ciki. Na ce masa cikin da ya riƙe ɗanwaken Fagge shekara da shekaru ba cuku ne zai ba shi tsoro ba. Kuma kyauta ne. Na shanye nawa na taya shi da nasa.

Washegari da hantsi mata suka taru a ƙofar sito, aka ba mu tabarma a gaba. Hajiya Zuwaira ta ɗaga tarko ɗaya sabo ta ce bari ta fara yi wa baƙi bayanin yadda yake aiki. Tana cewa "bismillah" cikina ya ce shi ma yana da bayani. Na daure, ya ƙi. Na ɗauki buta na zagaya cikin natsuwa, kamar wanda zai sabunta alwala. Ba zan tsawaita a nan ba, ko da yake a can na tsawaita. Na dawo daidai lokacin da take cewa, "Kun gane ko?" Kowa ya ce, "Mun gane." Ni ma na ce mun gane, har muryata ta fi ta kowa.

Aka fara da ɗaki na farko, wanda ban samu shiga ba. Hajiya Zuwaira ta zaro tarko, ta murɗe, ta juye a kan farin faranti a gaban kowa. Ƙwari suka bazu. Na sunkuyar da kai don kunya, amma ita ko a jikinta. Matan ma suka matso suna leƙe, wata tana cewa sun fi na makon jiya, wata tana cewa ai zafi ya shigo. Nan take suka yanke cewa yau za a fitar da waken ɗakin a shanya a rana a kan baƙar leda, sannan a ɗure shi a buhu mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga. Na ce a raina, Allah sarki, da ƙofata ta kai ɗakin nan da ban bari an yi musu wannan tonon silili ba.

Aka shiga ɗakina. Ta juye na farko, faranti fari fat. Na biyu, fat. Har na ƙarshe. Ta gyara tabarau ta ce, "Ma sha Allahu. Makon jiya babu, yau ma babu. Bakane, ka zo da sa'a. Wancan ɗakin ba zan sayar maka ba sai mun gyara shi, amma wannan ɗebi yadda kake so."

Na dubi ƙasa saboda tawali'u. Kaji suka zo wucewa, ɗaya ta tsaya ta daɗe tana kallona.

Muka loda mota, su kamiyo suke ce mata. Hajiya Zuwaira ta ba da tarkuna a kai wa Alhaja tsaraba, ta kuma ƙulla mini cuku, na karɓa don ladabi na ba yaron direba tun kafin mu kai Matamaye. A iyaka muka sake samun dogon jandarma, ya ce, "Mai makullin ado, an samu haja, lahiya ta dawo." Muka iso Kano lafiya, ba tukunyar kowa a cinyata.

Alhaja ta zo da kanta. Ta soka, ta ciza, ta shinshina. Modu ya rantse mata cewa da idonsa ya ga faranti fari. Ya ja ta gefe yana maimaita mata bayanin da Hajiya Zuwaira ta yi, ni kuwa ina can ina fama da 'yan dako, don jeran buhu ba a barin sa ga yara. Na sa aka jera sabon wake jikin tsohon da muke da shi, ƙam-ƙam, ko allura ba za ta wuce ba. Aka cusa tarkuna. Alhaja ta ce duk Asabar za ta zo ta duba da kanta.

Asabar ta farko na riga ta zuwa, na leƙa. 'Yan kaɗan. Na zubar a kwata, na goge. Ta zo ta ga kofi fes, ta ce madalla. Ta biyu suka ƙaru, na zubar. Na ce lallai tarkon Damagaram ba ya wasa, kamun nasa sai gaba yake. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ajiye makulli a kan tebur tana zuwar mini, amma sai in tuna ƙa'ida: wanda yake cikin tarko ba ya cikin wake.

Asabar ɗin da asiri ya tonu, kofunan sun cika baƙi ƙirin, har sai na bubbuga. Ina durƙushe a bakin kwata ina bugawa sai na ga inuwa biyu a kaina. Alhaja ce ta yi sammako, ga Modu a bayanta.

Ta ce, "Baba Sule, me kake yi?"

Na ce, "Gawa nake zubarwa, Alhaja."

Ta leƙa kwata ta ce, "Gawar taka tana tafiya."

Na ce ai ƙarasawa za su yi.

Ta ce, "Tun yaushe kake wannan aikin?"

Na ga tunda an riga an gani, ladan ɓoyewa ya tafi, gara in karɓi na yabo. Na miƙe na ce, "Tun Damagaram. Kina ganin farin farantin da Modu yake ta rantsuwa a kai, hannuna ne."

Modu ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa da komai. Ya ce, "Sule, tarkon ɗakin nan da muka lodo, kai ka zubar?"

Na ce rufin asiri ne, matar ta ciyar da mu.

Ya ce, "Inna lillahi. Kana ina aka yi bayani?"

Na ce ina wani uzuri.

Ya ce, "Da buta." Sannan ya yi mini bayanin da Hausa tsantsa, ko bonjur ɗaya babu. Wai tarkon ba ya ƙarar da ƙwaro, ba don haka aka yi shi ba. Labari yake kawowa. Ƙwaron wake ƙwai yake yi a jikin ƙwaya, tsutsa ta huda ta shige, ta zauna a ciki tana ci, daga waje kuwa wake fes, ƙarfe ba zai nuna maka ba. Na farko da suka girma suka fito su ne suke faɗawa tarko. In ka ga kaɗan a kofi, to akwai tuli a ciki suna sa takalmi. Shi ya sa matan suke juyewa a faranti a gaban kowa, su gwada da na makon da ya wuce, su san ranar da za su fitar da wake rana. Ya ce, "Ɗan aike ya zo da labari, kai kuma ka tare shi a zaure ka ba kaji."

Alhaja ta shiga sito ta tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ta ce da ɗumi. Ta sa aka farke ɗaya. Wake ya zubo, huji-huji, gari yana tashi. Ta sa aka farke na tsohon da yake manne da shi. Shi ma sun fara kai masa gaisuwa.

Abin da ta fara yi shi ne ta kira Hajiya Zuwaira a waya, ta ce su fitar da sauran waken ɗakin nan yau-yau. Ta buɗe muryar wayar yadda zan ji. Sai na ji Hajiya Zuwaira ta ce, "Bakanen nan? Na ce ya bar wayo a iyaka, ashe da hankalin ya haɗa ya bari."

Kwanakin da suka biyo baya duk kun gani, ba sai na faɗa ba, tunda wasunku har kujera suka kawo. Tamfol a shimfiɗe daga ƙofar sito har bakin titi, wake a baje, ni a tsakiya da rariya, rana tana dukan ƙeyata. Duk wanda zai shiga Singa sai ya tsaya ya ce, "Baba Sule, ƙwaro ne?" Ni da na yi ɗawainiya a wata ƙasa don kada a ga ƙwari a faranti ɗaya, sai ga nawa a titi. An ceto mafi yawa, aka ɗure a buhu mai leda. Wanda ya lalace sosai masu kiwo suka kwashe.

Da aka gama na yi wanka, na sa rigar Juma'a, na tafi gidan Alhaja a Sabon Gari. Na same ta tana tsince shinkafa. Na kwance makulli daga mazagi, hannu ɗaya yana riƙe da wando, na ajiye a kan tebur kamar yadda aka yi alkawari. Ta ce ba sai an yi doguwar magana ba, amma ni na zo da tawa. Na yi mata bayanin niyya. Na yi mata bayanin tarbiyyar Kano, da haƙƙin wanda ya ciyar da kai, da falalar rufa wa Musulmi asiri. Tana ta tsintar shinkafa. Da na kai ƙarshe sai ta sa ɗan yatsa ta turo mini makullin.

Raina ya yi fari. Na ɗauka na fara ɗaurewa, na ce, "Na sani, Alhaja. Na san ko kin zagaye Fagge da Sabon Gari ba za ki samu mai tsaron ƙofa kamata ba."

Amsar da ta ba ni, ita ce har yau in Modu ya fara labarin nan nake tashi in ce zan je alwala. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Riƙe abinka, Baba. Makulli don ɓarawon waje aka yi shi. Namu kai ka je har Damagaram ka ɗauko shi a mota, ka shimfiɗa masa, ka kulle shi a ciki. Wa kuma ya rage da zan ji tsoro?"